Zuciya da Hujja a Littattafan Balaraba Ramat Yakubu: Nazarin Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta sarrafa wani jigo guda a ƙagaggun labaranta biyu da suka fito a 1990, watau Alhaki Kuykuyo Ne, Ubangidansa Yakan Bi da kuma Wa Zai Auri Jahila? Manazarta da dama, na gida da na waje, sun riga sun tattauna waɗannan littattafai ta fuskar 'yancin mata, kuma ba mu da ja da su. Sai dai muna ganin an yi wa mazajen da ke cikin labaran riƙon sakainar kashi. Akan ce da su azzalumai a wuce, alhali kuwa babu ɗayansu da ya ɗauki kansa azzalumi. Kowanne yana da hujjar da yake lallashin zuciyarsa da ita, kuma a wurin wannan hujja ne gwagwarmayar matan labaran take yin nasara ko ta ci tura.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan fuska shi ne karanta littattafan tare da ɗalibai 'yan ƙasar Roni da Gwiwa da Kazaure da Ɓaɓura. Lokacin da littattafan suka fito duk garuruwan nan a Jihar Kano suke, domin sai a watan Agusta na 1991 aka yanke Jihar Jigawa. Saboda haka ɗalibanmu ba sa kallon ƙauyen da ke cikin labari a matsayin wata baƙuwar ƙasa. Suna ganin gidajensu ne a ciki, kuma musun da sukan yi a aji yakan fi zafi a kan mazajen fiye da kan matan.

Game da marubuciyar, a taƙaice, ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad. An cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana da kimanin shekara 13, auren bai kai shekara biyu ba ya mutu, daga baya ta koma neman ilimi ta hanyar azuzuwan manya a Kano. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. Mun kawo wannan ne domin a san cewa abin da take ba da labarinsa ba ji ta yi a bakin wani ba.

2.0 Ma'anar kalmomi

Akwai kalmar "lamiri" da muka aro daga Larabci, wadda masu nahawu suka fi sani a matsayin wakilin suna, wasu marubuta kuma suke amfani da ita da nufin muryar nan ta cikin mutum mai tsawata masa idan ya yi ba daidai ba. Amma Bahaushen kasuwa da gona ba ya cewa lamirinsa ya dame shi. Cewa yake zuciyarsa ba ta kwanta ba, ko abin yana ci masa rai, ko yana tsoron alhaki. Don haka "zuciya" za mu yi amfani da ita a nan. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Arba'una Hadisi ya san hadisi na 27, inda aka siffanta zunubi da abin da ke kai-kawo a ƙirjin mutum yana ƙin a gane shi da shi, aka kuma umarci mai tambaya ya nemi fatawar zuciyarsa ko da mutane sun ba shi tasu fatawar. Haka nan malamai sun rarrabe tsakanin rai mai umarni da mummuna, wanda aka ambata a Suratu Yusuf, da rai mai zargin kansa, wanda aka yi rantsuwa da shi a Suratul Ƙiyama.

"Hujja" kuwa, a yadda muke nufi a nan, ita ce maganar da mutum yake kawowa bayan ya riga ya ƙudurta abin da zai yi, domin ya rufe bakin jama'a, ya kuma rufe bakin zuciyarsa. Hausawa sun san ta sarai, shi ya sa suke zancen fakewa da guzuma a harbi karsana. Irin wannan hujja ba kasafai takan zama ƙarya zalla ba. Galibi gaskiya ce da aka yanka biyu, aka riƙe rabin da ya yi daɗi aka jefar da sauran.

3.0 Alhaji Abdu da rabin doka

Zubin Alhaki Kuykuyo Ne ba shi da sarƙaƙiya. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, matarsa Rabi ta haifa masa 'ya'ya tara. Yana ƙuntata wa gida wajen cefane, yana sakin hannu a waje. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rigima ta tashi tsakanin matan biyu, ya saki Rabi ya kore ta tare da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaran da karatunsu, 'yarta Saudatu ta auri attajiri Alhaji Abubakar. Daga nan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, zamansa da Delu ya watse, ya dawo yana neman Rabi, maza na dangi kuma suka matsa mata ta karɓe shi.

Wata rana da muka kai ƙarshen wannan labari a aji, wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, ni fa ban ga inda Alhaji Abdu ya saɓa wa shari'a ba. An halatta masa mata huɗu, biyu ya yi. Saki kuma a hannunsa yake." Kafin mu amsa sai wata ɗaliba, matar aure, ta ce da shi, "To Malam, a ina aka halatta masa ya kore ta ta yi idda a waje? Kuma abincin yara tara a kan wa yake?" Ajin ya yi tsit. Mun kawo wannan ne domin ɗalibin, ba da saninsa ba, ya maimaita ainihin hujjar da irin su Alhaji Abdu suke rayuwa a kanta, ɗalibar kuma ta kawo rabin da aka jefar.

Mu duba rabin nan da kyau. Ayar da ta halatta ƙarin aure a farkon Suratun Nisa'i ita ce kuma ta gindaya sharaɗin adalci. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da matar da aka saka daga ɗakinta a lokacin idda, sai da dalili mai ƙarfi. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, kamar yadda yake a Risala da Muhtasar, ciyarwa da tufatarwa da muhalli wajibi ne a kan miji, kuma ko bayan rabuwa, idan 'ya'ya suna hannun uwa, ciyar da su yana kan uba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake ɓoyayyen ilimi. Alhaji Abdu ya san abin da doka ta ba shi, abin da ta ɗora masa ne kawai ya ƙi tsayawa a kansa. Gwanintar marubuciyar a nan ita ce ba ta mai da shi dodo ba. Mutum ne irin wanda muke gaisawa da shi kullum a kasuwa, ana kiransa Alhaji, ana ba shi girmansa. Da ta zana shi mashayi ko mahaukaci, da mai karatu namiji ya sami ƙofar tsira, ya ce ai ba da ni ake ba.

Inda muke da magana da ita shi ne yadda ta warware ƙullin. Sunan littafin karin magana ne, kuma marubuciyar ta ɗaure kanta da alkawarin da ke cikinsa: dole kwikwiyo ya bi ubangidansa. To amma ta wace hanya ya bi shi? Ta hanyar gobara. Wutar kasuwa ba daga zuciyar Alhaji Abdu ta taso ba, kuma ba Rabi ce ta kunna ta ba. Daga waje ta zo. Mun sani cewa wannan tsohon salo ne a adabinmu, tun daga tatsuniya har waƙoƙin wa'azi, inda sakayya take sauka a idon jama'a domin a ɗauki darasi, kuma gobarar kasuwa a Kano abu ne da ake gani, ba ƙage ba. Duk da haka akwai tambayar da salon ya bari a buɗe. Da rumfar ba ta ƙone ba fa? Mai karatu yana da damar ya fahimci cewa Alhaji Abdu zai ci gaba da zamansa hankali kwance har ya mutu. Abin da ya dawo da shi ƙofar Rabi rashi ne da kunyar duniya. Nadamar wanda ya yi asara dabam take da nadamar wanda ya gane ya ci haƙƙin wani, ko da yake hawayensu kan yi kama. Malamai ma sun ce tuba daga haƙƙin ɗan Adam ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe da son ransa.

A nan ne muka iso wurin da ya fi ko'ina nauyi a littafin, watau komen Rabi. Wasu masu karatu sun ɗauki wannan ƙarshe a matsayin ja da baya, suna ganin marubuciyar ta ji tsoron jama'a ta mai da tauraruwarta inda ta fito. Mu ba haka muka gan shi ba. A lokacin nan Rabi bazawara ce mai cin gashin kanta, ita ke ciyar da gida, kuma shari'a ta ba bazawara ikon cewa e ko a'a game da aurenta. Amma sai ga wata sabuwar hujja ta taso, wannan karon daga bakin mutanen kirki, masu ƙaunarta: a yi haƙuri, a dubi 'ya'ya, a rufa asiri. Kowace kalma a cikin waɗannan kyakkyawa ce. Sai dai a lura da wanda aka ɗora wa nauyin aiki da su. Ba a tara taron dangi irin wannan an tilasta wa Alhaji Abdu haƙuri da duban 'ya'ya ranar da ya watsa su waje ba. Haƙuri a wannan gida hanya ɗaya yake bi. Idan mai karatu ya rufe littafin ransa a dagule, muna ganin abin da marubuciyar ta nufa ke nan, kuma wannan dagulewar ta fi gobarar aiki, domin gobara ta hukunta mutum ɗaya ne, komen kuwa ya tuhumi dangi gaba ɗaya, har da mu masu karatu da muka saba ba da irin wannan shawara a gidajenmu.

(A nan ya kamata mu ce fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi, wadda kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga a 2012, ta sa littafin ya sami masu karatu a ƙasashen da ba a san nauyin kalmar "haƙuri" a bakin Bahaushe ba. Wannan wani nazari ne mai zaman kansa ga masu sha'awar fassara.)

4.0 Malam Garba da tabarmar kunya

A Wa Zai Auri Jahila? mai hujjar uba ne, kuma malami. Malam Garba ya cire 'yarsa Abu daga makarantar boko bisa ganin cewa boko yana lalata 'ya mace. Ɗan uwanta da aka yi musu alkawari, wanda shi ya yi karatu, ya ce ba zai auri jahila ba. Uban ya ji kunya ta rufe shi, sai ya ba da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta, ba da son ranta ba. Abin da ya faru a ɗakin Sarkin Noma marubuciyar ba ta saya shi ba, fyaɗe ne aka yi da sunan aure. Abu ta gudu Kano wurin 'yar uwar iyayenta, ta shiga karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Hujjar Malam Garba ta fi ta Alhaji Abdu wuyar rushewa, domin ba sha'awa ce ke tura shi ba. Yana ganin kare 'yarsa yake yi. Kuma yana da madogara a littafi, tun da Malikiyya ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa. Amma a nan ma rabi aka ɗauka. Malaman da suka ba da wannan iko sun ɗaure shi da maslahar yarinya da rashin cutar da ita, kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kanta akwai labarin Hansa'u 'yar Hizamu, bazawarar da ubanta ya aurar ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Game da ilimi kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albabi ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje, 'yarsa Nana Asma'u (1793–1864) kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke kai karatu ga matan ƙauyuka. Malami kamar Malam Garba ba zai rasa jin waɗannan ba.

Abin lura shi ne jerin abubuwan da suka faru. Kuskuren farko, cire yarinya daga makaranta, shi ya haifi ƙin da saurayin ya yi mata. A daidai wannan gaɓa zuciya tana da damar ta ce da uban, kai ka jawo. Amsa wannan kira na nufin ya yarda a gaban ƙauye cewa shi malami ya yi kuskure. Sai ya zaɓi ya rufe kuskuren farko da na biyu wanda ya fi shi muni. Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, kuma ba mu san wani wuri a ƙagaggun labaranmu da aka nuna wannan a aikace kamar nan ba. Auren Abu da Sarkin Noma maganin kunyar ubanta ne, ita kuwa ita ta sha ɗacinsa.

Ta fuskar warware ƙulli, wannan littafi ya fi na farko ƙarfi a ganinmu. Babu gobara. Abin da ya canza shi ne Abu kanta: ta sami ilimi, ta sami abin hannu, ta sami bakin da za ta mayar da magana. Hujja takan yi ƙarfi ne muddin wanda ake zalunta da ita bai san ɗaya rabin ba. Ranar da mace ta iya buɗe littafin da ake kafa mata hujja da shi, sai mai hujjar ya koma fuskantar zuciyarsa ba shamaki. Ɗalibar nan tamu da ta yi tambaya a kan idda, abin da ta yi ke nan.

5.0 Hujjar a wajen littafi

Ba a cikin gida kaɗai wannan hujja take aiki ba. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa ba su jefa ba, kuma dalilin da masu mulki na NPC suka riƙa bayarwa shi ne addini da al'ada. Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001) ta NEPU ta sha ɗauri da duka a kan wannan da makamantansa. A 1979 matan Arewa suka yi zaɓen tarayya, addini kuwa yana nan inda yake. A 2013 an yi ta ce-ce-ku-ce a Majalisar Dattawa kan sashe na 29 na tsarin mulki da batun shekarun aure, a watan Maris na 2022 kuma Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurorin gyaran tsarin mulki da suka shafi mata. Su kansu littattafan irin na Balaraba an yi musu laƙabin "adabin kasuwar Kano", a 2007 ma an ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Ba mu ce duk mai suka yana da mugun nufi ba, akwai na zubarwa a cikin littattafan zamanin. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

6.0 Tambayar da ke bangon littafi

Akwai abu ɗaya da ya rage mana game da Wa Zai Auri Jahila?, kuma ɗalibanmu mata ne suka fara nuna mana shi. Darajar Abu a idon mutane ta dawo ne bayan ta yi karatu ta kama aiki. Wannan yana ƙarfafa gwiwar yarinya mai karatu, ba shakka, kuma shi ne babban amfanin littafin. Amma idan ba a yi hattara ba, sai labarin ya gaskata saurayin da ya ƙi ta tun farko, watau a fahimci cewa laifinsa kawai shi ne bai jira ta yi ilimi ba. Alhali zaluncin da aka yi wa Abu zalunci ne tun tana jahilarta. Haƙƙinta na a nemi yardarta, da haƙƙinta na kada a cutar da jikinta, ba takardar shaida ce ta ba ta su ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Abu ta tsira ne domin tana da 'yar uwa a birni mai ɗaki da zuciyar karɓarta, birnin kuma yana da azuzuwan manya. Yau akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya a Kazaure, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, kuma a watan Disamba na 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Ɓaɓura, ya sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Jigawa, shekara 18 bayan dokar tarayya ta 2003. Duk waɗannan ci gaba ne a kan zamanin da aka rubuta littafin. Amma yarinyar da aka cire daga aji a Amaryawa ko Zugai, wadda ba ta da kowa a Kano, ba ta da hanyar Abu. Hanyar Rabi ce a gabanta: ta yi sana'a, ta riƙe 'ya'ya, ta jira ranar da dangi za su taru su ba ta haƙuri. Ita wannan, abin da zai tsare ta shi ne zuciyar ubanta da ta mijinta da ta malamin da ya ɗaura auren.

Saboda haka idan muna koyar da littattafan nan biyu, mukan fara da Wa Zai Auri Jahila? mu ƙare da Alhaki Kuykuyo Ne. Mukan kuma nemi ɗalibai maza, su kaɗai, su rubuta abin da za su ce da a ce suna cikin taron dangin da aka kira a kan komen Rabi. Mafi yawansu har yanzu haƙuri suke ba ta. Kaɗan daga cikinsu sukan fara da tambayar Alhaji Abdu kuɗin abincin yara na shekarun da suka wuce.